Allon da Direba Ya Haddace

Duk lokacin da wani masani, a wata ƙasar da Baba Direba bai taɓa taka ta da tayar mota ba, ya kafa hujja da aikin 'yarsa, wayarta takan yi wata 'yar ƙara kamar ɗan tsako ya ga tsaba. Ita ta daɗe da daina kulawa. Shi kuwa ko alwala yake yi ya ji, sai ya ɗaga murya.

"Uwata, an ambace mu?"

"An ambace mu, Baba."

"Daga ina kuma?"

Sai ta faɗi sunan ƙasar, shi kuma ya gyaɗa kai kamar wanda ya sha sauke kaya a can. Kafin rana ta yi zafi ya kai labarin shagon Tela, inda yake da bencinsa, da kofin shayinsa, da mutanen da suka gaji da jinsa amma ba su iya rabuwa da shi ba.

'Yar tasa likita ce, amma ba irin mai allura da awon zafin jiki ba. Aikinta bin sawun cuta: ta ina ta shigo gari, wa ta kama, wa ta tsallake, kuma me ta bari a jikin wanda ta saki. Ta buga takardu masu yawa a mujallun likitoci, sai dai guda ɗaya ce ta ɗaga ta sama. Wannan takardar masana suka yi ta ambato har ambaton ya haura dubu, kuma da ƙarfinta ne ake shirin ba ta farfesa. A gida yana kiranta Uwata, don sunan mahaifiyarsa ta ci. A waje kuwa Dakta ce, kuma yakan ja kalmar yadda ake jan hon a kan gada.

"Ku ba ku san ni ba ne," in ji shi ran nan, yana karkaɗa kofi. "Ni ban taɓa shiga aji ba, ko don fakewa ruwan sama. Amma yau ku je duk inda ake karatun likita a duniya, ina cikin takardarsu. Jinina suka auna, idona suka auna. Zazzaɓin da ya share rabin layin nan ya zo har kan gadona, mutuwa ta leƙo, ta ga lodin ya fi ƙarfin motarta, ta sa ribas."

"Mun ji, lodi," Tela ya ce daga bayan kekensa. "Matso ka zura mini zaren nan. Tun safe allurar nan take mini rowa."

Baba Direba ya karɓi allura da zare. Ya ɗaga su wajen hasken ƙofa, ya lashi bakin zaren, ya kai, ya kai kuma. Ramin allurar ba ya nan. Wani ɗan hayaƙi ne kawai a inda ya kamata ya kasance. Ya miƙa wa Tela kayansa.

"Ni hannun sitiyari gare ni, ba na kayan mata ba."

Aka yi dariya. Tela ma ya yi. Daga nan ya ci gaba da laluben allurar da ɗan yatsa, babu wanda ya ƙara kallon wajen.

Shekarun baya ne zazzaɓin ya faɗo wa unguwar. Ba wanda ya san shi, ba a kuma san maganinsa ba. Ya ɗauki matar Baba Direba daga gadon da ke kallon nasa a ɗakin jinya guda, lokacin 'yarsu tana tsakiyar karatu. Waɗanda suka tashi daga cutar ba su da yawa, benci 'yan kaɗan sukan ɗauke su. Da 'yar ta gama karatu ta ce za ta bi su shekara bayan shekara, ta ga abin da cutar ta bar musu, domin a lokacin ana zargin tana komawa ta ci ido a ɓoye. Mutane suka noƙe. Baba Direba ne ya bi su gida gida, da lallashi da gori, har ya tara su a zauren tsohon asibitin unguwa. Tun daga ranar ya naɗa kansa shugaban waɗanda suka tsira, ba kuma wanda ya ja da shi.

A zauren akwai allo fari mai guntulalliyar kusurwa, an rataye shi a ƙusa. Ba haruffa ba ne a kansa, don yawancinsu ba su karatu. Wata alama ce mai ƙafa uku, kamar mataji da haƙoransa suka zube saura uku. A layin sama ƙatuwa ce, tana ta ƙanƙancewa har layin ƙasa ya zama kamar tururuwa. Mutum zai zauna a kujera, ya rufe ido ɗaya, nas ta nuna alama da sanda, shi kuma ya nuna da hannu inda ƙafafun suka duba: sama, ƙasa, dama ko hagu. Ita Dakta ba ta shiga zauren, ƙa'idar aikin ce, tunda ubanta na cikin waɗanda ake aunawa. Sakamako kawai ake kai mata.

A shekarar farko idon Baba Direba garau yake, ya sauka har layin tururuwa bai yi tuntuɓe ba. Mai Faci, mai gyaran tayar unguwa, shi ne ya fito bayansa yana share gumi da hula.

"Direba, na faɗi. A layi na tsakiya na kakare. Matar nan ta rubuta wani abu."

To, duk wanda ya yi rayuwarsa a kan titi ya san abin da ake nufi da faɗuwa gwajin ido. Lasisi ne ake karɓewa, mutum ya koma gida ya zauna kusa da murhu yana jiran a ba shi. Direban ƙwarai ba ya cewa bai gani ba, ko da hazo ya rufe gilashi. Ban da wannan kuma, jarrabawar 'yarsa ce. Yaya za a ce mutanen da shi ya tara sun je sun faɗi a jarrabawar 'yarsa, su zubar mata da mutunci a gaban manyanta? Ya dafa kafaɗar Mai Faci ya ce, muddin yana raye, ba wanda zai ƙara faɗuwa.

Ya lura allon ba ya canjawa, shi ne dai mai guntulalliyar kusurwa. Shi kuma mutum ne da idan ya bi hanya sau ɗaya, ko bayan shekara goma ka tashe shi daga barci zai lissafa maka kwanoninta. Sai ya mai da allon hanya. Sama ta zama tudu, ƙasa ta zama gangare. Kafin zagayen gwaji na biyu ya tara su a shagon Tela ya koya musu da kiɗan cinya: tudu, dama, gangare, hagu, tudu, dama, har ƙasa, layi bayan layi. Mazan suka kai wa matan. Duk shekara, ana gobe gwaji, sai a haɗu a yi tilawa, a sha shayi, a yi wa mai mantuwa tsiya.

"Kai, mutanen unguwar nan," nas takan ce, "idonku kamar na shaho."

Haka takardar Dakta ta fito da labari mai daɗi: zazzaɓin nan, idan ya bar mutum da ransa, ba ya komowa ta ido. Duniya kuwa ta karɓa da hannu biyu.

Shi Baba Direba da ya ajiye tuƙi, cewa ya yi ya gaji da raini daga yaran zamani. Bai gaya wa kowa ba cewa fitilun motocin da ke tahowa sun fara zame masa furanni. Shayi ma da kunne yake zuba shi yanzu, idan ƙarar ta canja ya san kofi ya cika.

Ba a daɗe da zancen allurar nan ba Tela ya ɗinke wa wani aljihun riga ruf, mutumin ya dawo yana dariya yana tambaya ko sabon yayi ne. Bayan wannan allurar keke ta shige masa farce. Matarsa ce ta zo har gida ta durƙusa.

"Yaya, kai ka san likitoci. Ka kai shi asibitin ido. Ni ya ƙi jin maganata, wai idonsa ya ci jarrabawa."

"Wannan ai ƙaramin abu ne," Baba Direba ya ce. "Tabarau za su ba shi. Da na faɗi ko ni wane ne ma ba za mu bi layi ba."

Sun bi layi. Likitan ido mutum ne mai sanyin magana, da gilashi a kan karan hanci. Nasa allon ba na katako ba ne, haske ne a jikin bango, yana danna wani abu alamomin suna sauyawa. Ya zaunar da Tela ya rufe masa ido ɗaya. Tela ya gyara zama kamar ɗalibin da aka tambaya abin da ya sani.

"Tudu," ya ce, ya nuna sama. "Dama, gangare. Hagu, tudu, dama."

Alamar da ke bangon guda ɗaya ce tal, ƙatuwa, ƙafafunta na duban hagu. Likitan ya dubi bangon, ya dubi Tela.

"Baba, dakata. Me kake gani?"

Can Tela ya ce, "Haske dai, ɗana."

Likitan ya jawo wata na'ura, ya sa Tela ya ɗora haɓa, ya daɗe yana leƙawa. Da ya ɗago sai ya cire gilashinsa ya goge.

"Kumburi ne a can cikin idon. Ba na jiya ba ne, ya daɗe yana ci a hankali. Na hagu ya riga ya tafi. Na dama za mu yi ƙoƙari mu riƙe abin da ya saura. Da tun farko aka gano, maganin ɗigawa kawai zai tsayar da shi. Ka taɓa yin wata babbar jinya?"

"Zazzaɓin nan na shekarun baya," Tela ya ce, har da ɗan ɗaga ƙirji. "Ina cikin waɗanda suka tashi."

"A'a, wannan ba ya taɓa ido. An bincika sosai. Da can, nan da wasu ƙasashe, akan kira duk wanda ya tashi daga shi a duba masa cikin ido kyauta, amma tun da binciken ya fito aka daina, tunda ba amfani. Aiki ne mai kyau ƙwarai. Wata 'yar garin nan ce ma ta yi shi, ni kaina na ambace shi a takardata."

Tela ya juyo da fuskarsa wajen da yake zaton abokinsa yake, yana murmushi, yana jira. Kowa a unguwa ya san abin da ke biyo bayan irin wannan magana: miƙewa tsaye, bugun ƙirji, tarihin mutuwa da ribas ɗinta. Baba Direba yana zaune da hularsa a kan gwiwa, yana murza bakinta. Wannan ne karo na farko da aka ambaci 'yarsa a gabansa bai ce "mu" ba.

A hanyar komawa Tela ya ɗora hannu a kafaɗarsa, don maganin da aka ɗiga masa ya ƙara dagula ɗan abin da yake gani. Suka ratsa masu talla da masu gyaran waya, suka tsallake kwata.

"Direba, yau ba ka da lafiya ne? An ambace ku ka yi shiru."

"Kaina ke ciwo."

"Ni dai abin da ya ba ni mamaki," Tela ya ce yana dariya ƙasa ƙasa, "ban taɓa faɗuwa ba ko sau ɗaya. Kai shaida ne. Har layin tururuwa nake zuwa." Suka yi 'yar tafiya. "Ga shi yanzu da gaske nake neman mai ce mini dama da hagu. Ina muka nufa?"

"Dama," in ji Baba Direba. Muryar ba tasa ba ce.

Da Tela ya zage shi, da ya fi masa sauƙi. Ya san yadda ake rama zagi, ya yi shekaru yana yi a tashoshi. Amma hannun nan mai ɗaurarren yatsa da ke kwance a kafaɗarsa, ya yarda da shi ɗari bisa ɗari, bai san inda zai ajiye nauyinsa ba.

Da la'asar ya iske Dakta a falo ta baza takardu a kan tabarma da kujeru, tana jera su bisa shekarun fitowarsu. Kwamitin ba da farfesa ya nemi ta kawo duk abin da ta taɓa bugawa, da yawan waɗanda suka ambaci kowanne. Ta cire takalmi, ta soke biro a ɗankwali, tana 'yar waƙa. Rabon da ya ji ta tana waƙa tun uwarta na da rai.

"Baba, kada ka taka mini waccan, ita ce uwar garken."

Ya tsallake ta a hankali ya zauna a bakin kujera.

"Uwata, in tambaye ki mana. Wannan ambaton da ake yi miki, idan an yi, an yi ke nan? Ba a karɓewa?"

"Wanda ya rubuta ai ya rubuta, Baba."

"To, misali nake yi. A ce an kafa allo a bakin hanya, an rubuta gada lafiya lau. Motoci suka yi ta bi. Ashe gadar ta tsage ta ƙasa. A wajenku yaya ake yi?"

"Sai mai allon ya fito ya faɗa. Mujallar da ta buga ta sanar cewa an janye takardar." Ta ɗaga wata takarda ta duba bayanta. "Amma ba ta ɓacewa, ka gane. Tana nan har abada da jan tambari a fuskarta. Duk wanda ya nemi sunan mutum, ita zai fara gani."

"Shi mai allon fa?"

"Wani yakan tashi. Wani shi ke nan." Ta dube shi tana murmushi. "Wa ya ɓata maka allon hanya, Direba?"

"Ba kowa. Hira ce."

Ta koma kan aikinta. Can ta ce, ba tare da ta ɗago ba, "Ka san abin da nake tunawa? Ranar da muka baro asibiti ba Inna. Na ce a raina, ba zan iya dawo da ita ba, amma waɗanda suka rage zan san gaskiyar abin da ya same su. Da ba ka tara mini mutanen nan ba, da babu ko ɗaya daga cikin takardun nan. Rabin farfesan naka ne."

Ya buɗe baki. Ya tanadi kalmomin tun a hanya, ya jera su kamar kaya a bayan tirela, amma da ya zo saukewa ya tarar igiyar ta ƙulle. A cikin jakarta wayar ta yi ƙarar ɗan tsako. Ya zauna kamar bai ji ba.

"Baba, yau ba ka tambaya ba."

"Daga ina?"

Ta duba. Ta faɗi sunan wata ƙasa mai nisa, ta ce ma'aikatar lafiyarsu ce ta sa takardar cikin ƙa'idojin kula da waɗanda suka tashi daga zazzaɓin, don ya ɓulla a can bara. Bai gyaɗa kai ba. Yana tunanin ko a wannan ƙasar ma akwai teloli. Dole akwai. Ina ne ba a ɗinka riga?

"Jibi ne zagayen ƙarshe," ta ce. "Daga shi an rufe binciken. Wannan karon zan zo da kaina in tsaya daga baya, in an gama in yi wa mutane godiya. Sai kwamiti ya zauna."

Zagayen ƙarshe. Ya juya kalmar a ransa. Sau ɗaya kawai ya rage a bi hanyar, a sauke allon, a jefa shi a sito, shi ke nan ba mai sake tambaya. Idon Tela na hagu ba zai dawo ba ko an faɗa ko ba a faɗa ba. Yarinyar nan kuma ba ta yi wa kowa ƙarya ba, abin da aka kai mata ta lissafa. Haka ya yi ta gaya wa kansa, kuma kowace magana daidai take, amma ya kasa cin abincin da aka ajiye masa.

Washegari bai je shagon Tela ba. Mai Faci ya biyo shi gida.

"Shugaba, jama'a na can na jiranka. Layin ƙasa ya kwance mini, daga gangare na biyu ban san inda ake yi ba."

"Ku je ku yi da abin da kuka tuna."

"Ikon Allah. Yau kai ne da rowar hanya?"

Ranar gwaji zauren ya cika tun da hantsi. Benci ya ragu da mutum biyu uku da suka riga mu gidan gaskiya cikin shekarun nan, sauran duk sun zo da wankakkun kaya. Tela na gaba, matarsa ta kawo shi, ya ce ba zai bari a rufe jarrabawa babu shi ba. Allon na nan a ƙusarsa da guntulalliyar kusurwarsa. Dakta ta tsaya can baya kusa da taga, jaka a kafaɗa, tana amsa gaisuwa da kai.

Kamar kullum, shugaba ne farko. Ya zauna a kujera. Nas ta miƙa masa ɗan faifan rufe ido, ta ɗora sanda a kan alamar sama. Wannan yana ganinta. Ta sauko layi na biyu, nan ma da ɗan dama. Daga na uku zuwa ƙasa kuwa toka ce aka watsa a farin zane. Kalma uku kawai ake buƙata, ya san su, yara ma na faɗinsu. Ya motsa leɓe. Mutumin da ya yi tuƙi cikin ruwa da duhu bai taɓa furta su ba, ya tarar bakinsa bai san yadda ake harhaɗa su ba.

Sai ya yi abin da ya iya.

"Malama nas, wannan ai wasan yara ne," ya ce da muryarsa ta shagon Tela, ya ajiye faifan. "Ido ɗaya? Ni? Dakta! Matso kusa ki ga abin da ubanki zai yi, ki sa a takarda."

Aka fara dariya a benci. Ya zaro babban hankicinsa, ya ninka, ya ɗaure idanunsa duka biyu tamau. Bai tsaya nan ba, ya miƙe ya juya kujerar, ya zauna ya ba allon baya.

"Tudu!" Ya cilla hannu sama. "Dama, gangare! Hagu, tudu, dama!"

Hannunsa na tafiya kamar yana ba da hannu a mararraba. A layi na huɗu ya ji wata murya ta kama masa, ta Tela ce. Sai ta Mai Faci. Sai matan daga bencin baya, suna tafa cinya a kan kiɗan da suka saba. Kafin a kai layin tururuwa zauren gaba ɗaya na rerawa da murya guda, tsofaffi masu hazo a ido suna karanta allon da shugabansu ya juya wa baya, ba tuntuɓe ko ɗaya. Da aka dire a kan hagu ta ƙarshe aka ɗauki tafi.

"Direba ba dama!" wani ya ce. "Ko a makance sai ya kai lodi!"

Tafin ya yi ta raguwa har ya mutu, don an lura nas ba ta tafa ba. Baba Direba na zaune cikin duhun hankicinsa, hannunsa a kan gwiwa. Ya ji takun takalmi daga bayan zaure, a hankali, har ya tsaya a gabansa. Ya san takun. Shi ya koya mata tafiya.

"Tun yaushe, Baba?" Muryar ƙasa ƙasa take, shi kaɗai ya ji.

"Tun zagaye na biyu."

"Su duka?"

"Ban bar ko ɗaya ya faɗi ba, Uwata."

Ya jira. Ya tanadi bayansa don duk abin da zai sauka. Abin da ya ji kawai yatsunta ne a ƙeyarsa, suna kwance ƙullin hankicin, sun daɗe a kai don ya ɗaure shi da ƙarfi. Haske ya dawo. Fuskarta na kusa amma bai iya karanta ta ba, bai kuma sani ba ko laifin idonsa ne.

Ta ninke hankicin ta sa masa a hannu. Ta ce ya tashi, ta juya kujerar da kanta ta fuskanci bango. Ta je ta sauke allon daga ƙusa, ta juya shi kai ƙasa, ta jingina shi a kan tebur, guntulalliyar kusurwar ta koma ƙasa. Ta karɓi sandar daga hannun nas.

"Rufe na hagu, Baba."

Ya rufe. Ta ɗora sandar a wani layi na tsakiya.

"Ina ƙafafun suka duba?"

Tsohon direba ya san hanyar dawowa kamar yadda ya san ta zuwa. Tudu zai zama gangare, dama ta zama hagu, a faro daga ƙarshe. Kafin ta rufe baki kansa ya riga ya juya hanyar, amsar na kan harshensa, kuma ya san daidai ce. Yana jin numfashin Tela a bencin gaba.

"Ban gani ba," ya ce.

Dakta ta ɗan tsaya da sandar a kan allon.

"Rubuta," ta ce wa nas. Ta matsar da sandar layi ɗaya ƙasa, inda yanzu alamomin suka fi girma. "Nan fa?"

A cikin jakar da ke kafaɗarta wayar ta yi ƙarar ɗan tsako. Ba ta duba ba, shi ma bai tambaya ba.